Zanin Aron da Na Mayar Birnin Gwari

Tun da na dawo daga Birnin Gwari ban huta ba. Wadda ta zo karɓar rigar filo sai ta zauna ta ce in ba ta labari, wadda ta zo aron allura ma sai ta jawo kujera. Waɗanda suka yi mini ban kwana suna sharar hawaye, kamar an riga an yi mini wanka an sa a likkafani, su ne yanzu kan gaba wajen tambayar ko na ga 'yan bindiga da idona. Ban gan su ba, kuma ban ji haushin rashin ganinsu ba. Bakina ya gaji da maimaici, shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya, kowacce ta karanta ta ƙyale ni in yi aikina.

Ga wanda bai san mu ba, ni ce Bilki, 'yar Hanne mai surfani ta Tudun Wadan Zariya. Surfanin hannu muke yi a zanin gado da rigar filo, da allura da zare, ba ruwanmu da keken ɗinki. Zane-zane muna da su da yawa, amma wanda ya fito da sunan gidanmu guda ɗaya ne, mata na ce masa Mai Ganye. Reshe ne ya lanƙwaso daga kusurwa, da jajayen furanni biyar masu rawaya a tsakiya, da 'yan tsuntsaye biyu suna fuskantar juna, sannan can gefen hagu wani ƙaton koren ganye mai faɗin tafin hannu, wanda bai yi kama da sauran ganyayen reshen ba ko kusa. Da wannan zanen Innarmu ta ciyar da mu bayan rasuwar Baba, da shi ta aurar da mu. Ni kaina na ɗinka ganyen nan har ko ido rufe zan iya yin sa. In mai saye ta tambayi ma'anarsa, sai in gyara zama in ce ganyen arziki ne, ba a raba ɗakin amarya da shi. Ni na ƙirƙiro wannan, Allah ya yafe mini, kuma ya sayar da zannuwa ba kaɗan ba.

To, sai Inna ta kwanta ciwo. Likita ya ce akwai ƙari a cikinta, sai an yi mata aiki, ya sa ranar Litinin. Ranar Laraba da hantsi ta sa na jawo mata tsohuwar akwatinta ta ƙarfe daga ƙarƙashin gado, ta tona har ƙasa, ta fito da wani zanin gado a naɗe cikin leda, sai ƙamshin kafur yake yi. Na warware, sai ga Mai Ganye, amma da wani irin ɗinki mai laushi da ban taɓa gani a gidanmu ba.

"Ba namu ba ne," in ji Inna. "Na Ladi ne, matar Malam Bulus na firamare, maƙwabciyarmu a Birnin Gwari. Ita ta zana, ita ta ɗinka. Aro na yi na kwana biyu, in ɗauki zanen."

"Yaushe ke nan, Inna?"

"Kina da shekara huɗu."

Ni da 'yata ta fari ta gama sakandare bara! Mu masu wannan sana'a aron zani ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Kin ga zanen da ya burge ki a gadon wata, sai ki roƙa, ki kai gida, ki goge shi ya miƙe, ki shafa wa farar takarda kananzir har ana hango abin da ke ƙasa, ki ɗora ki bi da fensir. Kafin kwana uku kin mayar, da ɗan zare ko goro a ciki na godiya. Kwana biyun Inna sun zama shekara talatin da shida. Na tambaye ta me ya hana ta mayarwa, sai ta juya ta dubi bango ta ce ai an yi wa Babanmu canjin wurin aiki ne.

Sannan ta faɗi abin da ya tayar mana da hankali. Ta ce ba za ta kwanta a gaban wuƙar likita da kayan wata a akwatinta ba. Ko a kai wa Ladi zaninta a zo mata da kalmar yafiya, ko likita ya nemi wata ya yanka. Wanda ya san Inna ya san ba barazana take yi ba. Likitan kuwa ya riga ya ja ni gefe ya ce abin nan ba na jira ba ne.

Ina da ƙanne maza uku, duk masu gemu, waɗanda in ana hirar tsaro a ƙofar gida za ka rantse su kaɗai za su share dajin nan da sanda. Da aka ce Birnin Gwari, na farko ya tuna yana da taro, na biyu basir ɗinsa ya tashi, na uku ya ce ai harkar zani ta mata ce. Maigidana kuwa da na nemi izini, tun ban rufe baki ba ya ce Allah ya kiyaye hanya. Wannan saurin amincewar har yau ban gama bincikensa ba.

Alhamis da safe na isa tasha a Kaduna. Na ci ado, don ban saba fita ba tare da tallan hannuna a jikina ba: farin mayafi da na zuba wa jajayen furanni baki da baki, ga 'yan kunne na gwal, ga jakar hannu. Na yi sallama na shiga mota, sai na ga kowa ya bi ni da kallo, ba kuma kallon sha'awa ba. Duk wanda ke cikin motar nan ya yi shigar wanda zai je noman ƙodago. Wani dattijo a gidan gaba, wanda daga baya aka raɗa mini cewa manyan motocin dakon masara gare shi, rigarsa har da faci a kafaɗa, silifansa ƙafa ɗaya shuɗi, ɗaya kore.

Wata tsohuwa mai buhu a tsakanin ƙafafunta ta matsa mini wuri, ta dube ni sama da ƙasa.

"'Yar nan, biki za ki, ko kuwa tallan kanki za ki kai wa mutanen daji?"

"Ban gane ba, Iya."

"Wannan mayafin naki tun daga nesa za a hango shi. Cewa yake yi, ga ni nan, 'yan uwana na da hali. Juya shi ciki ya koma waje, ki cire na kunnen nan."

Duk mai surfani ta san bayan ɗinki asirinta ne, nan ƙulle-ƙulle da tsallaken zare suke ɓoye. Haka na zauna da asirina a waje har Birnin Gwari. Tsohuwar ba ta ƙyale ni ba, sai da ta jawo gefen mayafin ta kai kusa da ido, ta ce, "Gaban dai ya fi bayan tarbiyya." Sunanta Iya Dije, daddawa ta kai Kaduna, za ta koma gida da ragowar da ba ta shiga ba. Saboda matsi, a kan buhunta na ɗora ledar zanin, ban kawo komai a raina ba.

Daga Kaduna zuwa Buruku mota cike take da surutu. Ana tsadar taki, ana siyasa, wani mai jar hula yana ta bugun ƙirji cewa ai yanzu hanya ta yi kyau, an yi sulhu, shi ko a ƙafa zai iya bin ta. Muna wuce Buruku direba ya kashe rediyo. Ba shinge a wurin, ba mai duba takarda, amma duk wanda ya bi hanyar ya san nan ce iyaka. Manyan wayoyi suka shige safa da ƙasan buhu, 'yan ƙanana masu tocila suka fito. Mai jar hular nan shi ya riga kowa zaro carbi. Wata mata a kujerar baya ta fara addu'a ƙasa-ƙasa cikin sunan Yesu, wani malami a gefenta yana tasa, mu na tsakiya duk wadda ta fito amin muke cewa, ba wanda ya tsaya tantance ta wa ce.

Iya Dije ce ta koya mini karatun hanya. Ta ce in daina kallon itatuwa, ba abin da za su gaya mini, in riƙa kallon gaba. Muddin motoci na fitowa daga can suna wuce mu, to gaba lafiya. In aka jima ba a ga kowa ba, shi ne abin tsoro. Ban taɓa son ganin tirela ba kamar ranar, duk wadda ta taso tana baɗa mana hayaƙi sai in ji kamar in sauka in gaishe ta. Hanyar kuwa, wuri-wuri ramukan sun fi kwaltar yawa, direba na ta rawa da sitiyari, mu kuma ƙugunmu na karɓar hukunci.

Bayan Udawa aka yi wani ɗan lokaci ba mota ko ɗaya. Sai kawai direba ya taka burki da ƙarfi. Ban san lokacin da na dunƙule na cusa kaina cikin buhun daddawa ba, ina kalmar shahada, ina tuno duk wadda na taɓa sa wa zare mai zuba. Sai na ji an dafa mini baya.

"Fito, 'yar nan, shanu ne."

Shanu ne kuwa, suna ƙetare titi a hankali kamar ubansu ne ya yi kwaltar. Wani dattijon Bafulatani ya ɗaga wa direba sanda, suka gaisa da suna, har yana tambayarsa ya mai jiki. Na ɗago da daddawa a goshi. Ba wanda ya yi mini dariya sosai, don mai jar hula ma sai da aka taimaka masa ya fito daga ƙarƙashin kujera.

A wani shingen sojoji aka ce kowa ya buɗe kayansa. Sojan da ya zo kaina ya warware gefen zanin, ya tsaya yana kallon furannin, ya ce ko na sayarwa ne, matarsa na son irin wannan. Na ce na aro ne, mayarwa zan yi. Ya ce tun yaushe? Da na faɗa masa, sai ya ƙwala wa abokin aikinsa kira ya zo ya ga abin mamaki. Ya naɗe mini da kansa, ya ce, "Wuce, Hajiya, Allah ya sa masu riƙe da nawa su yi koyi da ke."

Muka shiga gari bayan azahar. Na sauka ina waige-waige, don garin da na bari ina shekara huɗu ba abin da ya rage mini nasa a kai. Iya Dije ta ɗora buhunta ta ce in biyo ta, ba za ta bar mai irin wautata ta kwana a tasha ba. Gidanta na cikin unguwar Magajin Gari, ɗaki uku ne, amma mutanen ciki sun isa gida uku, don 'yan uwanta na ƙauye duk sun taso sun dawo wurinta. Kusan kowane gida a layin haka yake, an rataya zani an raba ɗaki biyu.

Abin da na fara lura da shi gaisuwarsu ce. Mu a Zariya in an ce maka ya hanya, ka ce lafiya, an wuce wurin. A can in suka ce ya hanya, tsayawa suke yi su ji amsa: ƙarfe nawa kuka taso, motar wa, kun ga motoci, a ina kuka tsaya. Sai da na ba da labarin shanun nan sau shida kafin la'asar, kuma kowane zuwa Iya Dije sai ta ƙara da batun buhu. Aka kawo tuwon masara da miyar busasshiyar kuɓewa, daddawar cikinta ta isa miyar suna. Na ci na suɗe hannu, don tsoro na sa yunwa. Washegari da safe aka ba ni kunu da dafaffiyar doya da zuma a ɗan kwano, zumar da ta sa na gane abin da ake sayar mana a kwalba ruwan sukari ne.

Da safen nan ne na buɗe ledar in duba amanata. Zanin da Inna ta adana shekara talatin da shida cikin kafur, ni a wuni ɗaya na mayar da shi abin kaɗa miya. Na shanya shi a igiya ina ta fifita, kamar in yi kuka. Iya Dije ta wuce ta shinshina ta ce ai daraja aka ƙara masa.

Neman Mama Ladi ya ci mana safiyar Juma'a. Gidajen malamai na bayan firamare suna nan, amma waɗanda ke ciki ba su taɓa jin sunan Malam Bulus ba. Wani ya tura mu wurin wata Ladi mai ƙosai, muka tarar ko talatin ba ta kai ba. Sai a lokacin na tuna ba wanda ya ce mana matar nan tana raye. In ta mutu, me zan je in gaya wa Inna? Har na fara shirya ƙaryar da zan yi mata, na kuma san ba za ta ci ba, don Inna tun ina goye take gane ƙaryata.

Iya Dije ta ce matambayi ba ya ɓata, mu je coci. Ni da ban taɓa taka harabar coci ba, na tsaya a bakin ƙofa ina gyara mayafi, ita kuwa ta kutsa kai tana ƙwala sallama kamar gidan ƙanwarta. Wasu mata na shara. Da muka ambaci sunan, babbar cikinsu ta jingine tsintsiya. Ta ce Malam Bulus ya daɗe da rasuwa. Bayan ya bar aiki ƙauyen Kakangi suka koma suna noma. Ranar da 'yan bindiga suka shiga ƙauyen aka ƙone gidansu ƙurmus, Mama ta fito da zanin da ke jikinta kaɗai. Yanzu tana wurin 'yarta Rifkatu, bayan injin niƙa, kuma yanar ido ta rufe mata gani.

Muka same ta zaune a tabarma a inuwar ɗaki, 'yar ƙaramar tsohuwa, tana ɓarar agushi da lalube. Hausarta irin ta mutanen kudancin Kaduna ce, ba ta cika damuwa da raba mace da namiji ba. Na durƙusa na gaishe ta.

"Wane ne?"

"Bilki ce, Mama, 'yar Hanne, daga Zariya."

"Hanne wane?" Hannunta ya tsaya cak a cikin faranti. "Hanne ɓarauniyan zani?"

Duk jawabin da na tsara tun daga Kaduna ya gudu. Na miƙa mata ledar kawai. Ta zaro zanin ta kai hanci.

"Daddawa uwanki ke sayarwa yanzu?"

Iya Dije ta juya baya tana tari. Mama Ladi ta shimfiɗa zanin a cinyarta, ta fara bin sa da yatsu. Ta kama reshen daga kusurwa ta bi shi har furen farko, ta zagaya shi, ta koma na biyu. Ta ce furen gurjiya ne, na itacen da ke bayan makaranta, a ƙasa ta tsince su ta zana. Mu da muke gaya wa mata wai fulawar ƙasar Turkiyya ce. Daga nan yatsun suka ci gaba da tafiya. Rifkatu, wadda za ta yi sa'ata, ta fito daga ɗaki da hannu duk gari, ta tsaya a kanmu. Sai na ga hawaye na zubo mata. Ta ce akwati uku na ɗinkin Mama da littafin zanenta duk sun ƙone a Kakangi, ko ƙyalle ba a fitar ba. Ta ce, "Ban san akwai sauran hannun Mama a duniya ba." Ni ma a nan idona ya cika, ban ɓoye ba.

Sai yatsun suka isa ganyen. Suka tsaya, suka koma baya, suka sake dawowa.

"Wannan ba nawa ba ne."

"Ai shi ne ganyen, Mama," na ce. "Da shi ma ake kiran zanen. Ganyen arziki."

"Arzikin wa? Ni ban taɓa zana ganye kamar kunnen giwa ba. Dubi ɗinkin ma, zare na tsalle kamar an biyo shi. Rifkatu, kawo reza."

Ni aka ba rezar. Na zauna a gabanta ina farke ganyen da hannuna, zare bayan zare, kamar mai yanka ragon gidansu. Da koren zaren ya fara ɗagawa sai ga baƙi-baƙi a ƙasa. Da na gama, ga rami nan, gefensa ya yi ruwan ƙasa, da siffar hancin dutsen guga sak, ko makaho ya shafa zai gane. Mama Ladi ta zura yatsa biyu ta ciki suka fito ta baya.

"Yawwa," in ji ta. "Ga shi nan. Ai ke ne ma sanadi."

"Ni, Mama?"

"Ke fa. Uwanki na guga da dutsen gawayi za ta ɗauki zane, ke kuma kika tura gyaɗa a hanci. Ta sunkuce ki ta shigo gidana da gudu, ko ɗankwali babu. Katanganmu ɗaya. Ina nan ina toshe maki hanci ɗaya ina hura maki baki gyaɗan ya fito, sai na ji ƙaurin zanina ta kan katanga. Na dubi Hanne, Hanne ta dube ni."

Na zauna riƙe da reza ina tuno amaren Zariya da Kaduna da Funtuwa da suka shiga ɗakin miji da Mai Ganye. Ashe duk a kan faci suke kwana. Inna ta rufe ƙuna da ganye, sannan ta ɗauki zanen har da facin, mu kuma muka gada muna ta kwafa, har muna faɗa da masu kwaikwayonmu in ba su yi ganyen da girma ba. Da na gaya wa Mama Ladi haka, ta yi dariya har ta sarƙe, sai da Rifkatu ta kawo ruwa.

Da dariyar ta lafa sai ta shiga shafa bakin ramin.

"Mako uku uwanki na ɓoye mani," ta ce. "In na yi sallama, sai a turo ki ki ce tana wanka. Mace ɗaya, wanka safe, wanka rana. Ni kuwa ina da ragowan yadin, na yanko daidai faci na ajiye a ƙarƙashin filo, na ce in ta zo mu yi dariya mu gyara tare. Ita ta karɓi haihuwan Rifkatu fa. Ran nan da safe sai na ji mota a ƙofanku, kafin in ɗaura zani in fito kun tafi. Na yi kuka, Bilki, amma ba zani na yi wa ba."

Hausawa sun ce tsoro na daji, kunya na gida. Ni na sha na dajin jiya, na kuma ga ya ƙare a wuni ɗaya. Ta gidan ce ta ci shekara talatin da shida. Na ji haushin Inna a lokacin, na kuma ji tausayinta fiye da yadda na taɓa ji.

Sai na gaya mata abin da ya kawo ni: ciwon, da aikin Litinin, da rantsuwar Inna. Na zaro waya in kira gida su yi magana baki da baki, sabis ya ce bai san zancen ba. Na hau turmi, na je bakin injin niƙa, na ɗaga hannu sama kamar mai roƙon ruwa, ko ɗigo. Rifkatu ta ce tun jiya ya ɗauke, yakan kwana uku bai dawo ba, gara in naɗi muryar Mama in tafi da ita. Mama Ladi ta karɓi wayar da hannu biyu, ta kai ta dab da baki, ta ce duk mu matsa, maganar ba tamu ba ce. Muka koma bakin ƙofa muna jiyo ɗaga muryarta, ba ma jin abin da take cewa.

Kafin in tafi na ce ta bari in mayar da ganyen, ko in yi mata faci mai kyau. Ta ce in kuskura. Ta sa Rifkatu ta shimfiɗa zanin a kan katifarta haka nan da raminsa.

Asabar da safe Iya Dije ta raka ni tasha, ta cusa mini ƙullin daddawa a jaka, ta tabbatar na juya mayafi. Hanyar dawowa ban ji tsoro kamar na zuwa ba, ko kuma tsoron ne ya canja wuri. Wayar na cikin rigata, hannuna a kanta har Kaduna. Sau biyu na yi niyyar saurara, in ji ko akwai abin da ya kamata in goge, na fasa.

La'asar na shiga gida. Inna na kwance, ta ƙara ramewa a kwana ukun nan, ƙannena na zaune a gefe sun yi jigum. Ba ta ce mini ya hanya ba.

"Kin same ta?"

"Na same ta, Inna. Na kuma ga abin da ke ƙarƙashin ganyen."

Ta rufe ido. Can ta ce, "Ta yafe?"

Na ajiye wayar a kan filonta na kunna. Muryar Mama Ladi ta cika ɗakin.

"Hanne! Hanne matsoraciya, ɓarauniyan zani, mai wanka sau goma! Ni ne Ladi. Ban mutu ba, ke ma kada ki kuskura. Zani ya iso. Tun ranar da ya ƙone na yafe, ke ne ba ki zo kin karɓa ba. Da kin kawo shi a kan lokaci, da yanzu toka ne a Kakangi, to na gode da satan. Ni ma ban bi ki Zariya ba, ki yafe mani. Je ki kwanta likita ya yi aikinsa. In kin tashi ki zo in koya maki faci, don wannan ganyen naki abin kunya ne."

Inna ba ta motsa ba. Hawaye na gangarowa ta gefen ido suna shiga kunnenta, bakinta kuma na rawa, ban san ko kuka ne ko dariya ba. Da ta samu magana sai ta dubi babban ƙanena ta ce ya je ya gaya wa likita ya wasa wuƙarsa.

An yi aikin ranar Litinin. Muna tsaye a kanta lokacin da allurar barci ta sake ta. Ta buɗe ido da ƙyar, ta bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya, ta tsaya a kaina. Na sunkuya, ina zaton ruwa za ta nema.

"Kunna mini Ladi," ta ce.

"Wurin yafiyar, Inna?"

"A'a. Wurin zagin."